Kiran Ƙarfe Bakwai na Lorraine Kivela

Fasto Sundquist mai masaukinmu, Kansila Ardis Maki da ta zo a madadin majalisar gari, shugabar cibiyarmu da ma'aikatanta, Marjean ƙanwar marigayiya, Heidi 'yar marigayiya tilo da maigidanta da yara, masu hidima da suka tashe mu yau da safe suka shirya mu, da ku 'yan'uwana na kan keke da masu sanda da masu karnukan jagora: ina gaishe ku, ina kuma yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Vern Haugland. An ba ni minti ashirin, amma motocin da za su mayar da mu gida ƙarfe uku za su zo, kuma kun san halinsu. Minti biyar direba zai tsaya, in bai gan ka ba ya ja motarsa. In kun ji ina sauri, ba raina taron na yi ba. Ita ma da tana nan da tuni ta ce, "Vern, bar kewaye-kewaye, kofi na hucewa."

To, ba zan kewaya ba. Ga Curtis Beaulieu can kusa da taga. Shekara shida ya yi a gidan jinya, shi da bai cika hamsin ba. Lorraine ce ta fito da shi bara ta samar masa ɗaki. Ranar Alhamis ɗin nan jami'ar gunduma za ta zauna ta yanke ko zai ci gaba da zama a ɗakinsa, ko a mayar da shi inda ya fito. Na nemi izininsa kafin in faɗi haka a bainar jama'a, ya ce, "Faɗa musu mana, sata na yi?" Ku riƙe wannan a ranku, domin duk abin da zan faɗa a kan Lorraine can ya nufa.

Ta kasance mace mai sammako da kaifin baki. Ta kasance in ta sa abu a gaba, gara ka ba ta hanya tun kafin ta taka maka ƙafa da taya. Shan inna ya same ta tana 'yar shekara huɗu, kuma ban taɓa jin ta nemi a tausaya mata a kan haka ba.

Ranar da na fara ganinta ina da shekara talatin da ɗaya. Na karye a wuya a tashar lodin tama, aka ajiye ni a gidan jinya, na daina kula kowa. Sai ga wata mata ta turo keke cikin ɗakina ko ƙwanƙwasawa babu.

"Kai ne Haugland? An ce ka daina magana."

Na yi mata banza.

"Me ka fi so ka ci da safe?"

Don in rabu da ita na ce, "Ƙwai. Wanda gwaiduwarsa ba ta daskare ba."

"Ana ba ka a nan?"

"Sun ce dokarsu ta hana."

"To, zaɓi ya rage naka, ɗan samari. Ko ka fita ka ci ƙwanka yadda kake so, ko ka zauna nan shekara arba'in ana kare ka daga ƙwai."

Wata tara bayan nan na bar gidan jinya, na ci ƙwai a ɗakin kaina, gwaiduwa na bin gemuna, ina kuka kamar an yi mini mutuwa.

Ta kasance ba ta tsoron manya. Kansila, ba za ki manta ba, lokacin da motocin share titi suke tara ƙanƙara daidai gangaren da kekunanmu ke sauka. Wasiƙa uku ta rubuto muku, shiru. A ta huɗu ba ta ɓata takarda ba, ta sa aka juye muku baro biyu na ƙanƙara a ƙofar zauren taro, ta ce, "Bismillah, ku wuce. Haka muke yi kullum." Ke ce kika fara dariya, ke ce kuma kika sa aka gyara, muna gode miki.

Amma babban aikinta babu wanda ya taɓa ba ta lambar yabo a kansa. Wanda bai taɓa kwanciya yana jiran a zo a ɗaga shi ba, ba zai san abin da ake nufi da ƙarfe bakwai ba. Da yawanmu a nan ba ma sauka daga gado sai mai hidima ya zo. In ya zo, kai mutum ne: ka yi wanka, ka tafi aiki, ka yi faɗa da maƙwabci. In bai zo ba, ga ka ga rufin ɗaki, mara ta cika, baya na zafi, maganinka na kan tebur kana ganinsa. In ka kira kamfanin da ke turo su, na'ura ce za ta amsa maka har ƙarfe tara.

Shekara ashirin da biyu Lorraine tana kiranmu kowace safiya. A ƙarshe mu goma sha ɗaya ne. Tambayarta ɗaya tak: "An zo?" In ka ce an zo, ta kashe waya ko sai anjima babu. In ka ce ba a zo ba, ta shiga farauta. Ta san mai hidimar da ke kusa da kai, ta san wadda motarta ke tashi ko da sanyi ya kai sanyi, ta san maƙwabcin da ya iya na'urar ɗagawa ba tare da ya kayar da kai ba. Ni kuwa ba ta taɓa barina haka nan ba. "An zo, malalaci, ko kana nan kana ɗumama katifa?"

Heidi, na san wayar nan ta cinye miki safiya da yawa kina ƙarama. Kina neman a duba miki aikin makaranta, uwarki na can tana nema wa wani ƙato wanda zai sa masa wando. Kin ba mu aronta ba tare da an tambaye ki ba, mu kuma ba mu taɓa ce miki sannu ba sai yau.

Yanzu zan faɗi abin da ya hana ni sukuni wata guda ke nan.

Wata Talata a Fabrairu, ƙanƙara ta kwana tana zuba. Shawna, mai hidimar Lorraine, motarta ta zame ta faɗa kwalbati a kan gangaren tafki. Ta kira kamfani ta bar saƙo, saƙon ya zauna a na'ura. Wayar Lorraine kuma ta sulale daga kan bargo ta faɗi ƙasa, inda hannunta ba ya kaiwa. Shawna, ki ɗago kai, 'yata. Kin yi abin da ake yi, babu mai ganin laifinki a ɗakin nan.

Ƙarfe bakwai ta yi, wayoyi goma sha ɗaya suka yi shiru. Na tambayi kowa daga baya. Wata ta ce ta ɗauka fushi Lorraine take yi da ita saboda musun da suka yi ranar Lahadi. Wani ya ce ya zaci layi ne ya lalace. Wani ya ce ai ta san nasa mai hidimar ba ya fashi, shi ya sa ta tsallake shi. Ni kuwa, tunda coci muke ba zan yi ƙarya ba, cewa na yi, "Yau dai na huta da masifar Lorraine," na ƙara kofi.

Lorraine tana kwance rigingine har ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da mai hidimar yamma ta zo. Kun san ƙirjinta ba ya son doguwar kwanciya. Kwana tara ta yi a asibiti. Likita ya ce ƙirjin dama ya gaji, ko ba ranar nan ba ciwon na tafe. Ban musa masa ba, shi ya yi karatun. Amma mu goma sha ɗaya, waɗanda muka fi kowa a garin nan sanin abin da shirun safe yake nufi, kowannenmu ya yi wa shirun uzuri.

Na taɓa tambayarta, shekaru da suka wuce, "Ke fa, wa ke kiranki?" Ta ce, "Ni? Kai dai ji da kanka." Wanzami ba ya son jarfa. Na yi dariya na bar maganar, kuma na bar ta ne don barin ya fi mini sauƙi.

Tun da ta rasu, sau biyu ba a zo wa Curtis ba. A na biyun yana kwance har rana ta take, sai da maƙwabciya ta ji yana bugun bango ta kira motar asibiti. Da motar asibiti ta shigo cikin magana kuwa, zance ya zama takarda a ofishin gunduma. Jami'ar ba muguwa ba ce. Tambaya ɗaya ta yi masa: "In ba a zo ba, wa zai sani?" Da, amsar suna ɗaya ce. Ranar Alhamis tana son ganin sunaye a rubuce.

Ga abin da muke roƙo. Akwai takarda a bakin ƙofa, kusa da kyafaffen kifi da miyar shinkafar daji da matan coci suka yi. Ba za mu sake ɗora kayan nan a kan mutum ɗaya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowannenmu zai kira na gaba da shi, na ƙarshe ya kira na farko, babu wanda za a bari a waje komai taurin kansa. Muna kuma neman mutum shida masu ƙafa da mota, waɗanda za su koyi na'urar ɗagawa. Minti ashirin ake koyonta, ni zan zama kayan gwaji, kuma ba na cizo. Fasto, na ga majiya ƙarfi a cikin mawaƙanka. Marjean, kin tambaye ni wane fure yayarki take so a kai mata kabari. Ba ta son fure, atishawa yake sa ta. Ki ba mu safiyar Laraba.

Na hango motar farko ta shigo fili, bari in taƙaita. Mun gode wa cocin nan da ya ba mu zauren nan maimakon na ƙarƙashin ƙasa mai matakala. Mun gode wa iyali da suka bar mu muka yi kuka tare da su, mun gode wa kowa da ya keto sanyin nan ya zo.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Lorraine, ka hutar da ita, domin ta gaji ko da ba ta faɗa ba. Ka sanyaya zuciyar Heidi da Marjean da jikoki. Ka yafe mana safiyar Talatar nan. Ka ba jami'ar gunduma adalci ranar Alhamis, mu kuma ka ba mu kunyar da za ta hana mu wuce takardar nan hannu a aljihu. Amin.

Curtis, ni na ɗauki sunanka, gobe ƙarfe bakwai za ka ji ni. In bakwai da minti goma ta yi ba ka ji ni ba, kada ka ce barci nake, kada ka ce layi ne. Ka kira ni.