Kyanwar da Rini Bai Kama Ba

A tashar motar Kiru, ranar kasuwa, wani tsohon marini ya leƙa kwandon da wani saurayi ya rungume. Kyanwa ce a ciki, gashinta buzu-buzu.

"Samari, wa ya rina maka wannan?"

"Ba rini ba ne, Baba, haka Allah ya yi ta. Baturen da nake yi wa girki ne ya bar mini ita. Surukata zan kai wa a Badafi, ɓeraye sun addabi rumbunta."

"Surukarka? To, kada ka je ka sha kunya. Buɗa gashin ka gani. Sama baƙi, ƙasa fari fat! Wanda ya tsoma ta gaggawa ya yi, rinin bai shiga ba."

"Uwarta ma haka take, kamar hayaƙi."

"Ashe har uwar aka cuta! Yaro, tun ba a haife ka ba nake bakin karofi."

Tsohon ya shafa bayanta, ya ɗaga tafinsa.

"Ka gani? Har ya fara zuba a hannuna!"

"Baba, ai tun da muka gaisa hannunka shuɗi ne."

Tsohon ya dubi hannun.

"To... ka dai hana ta shiga ruwan sama."