A Bar wa Likita Tagarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban asibitinmu, shehunan malamai da suka koyar da mu, 'yan'uwana likitoci da ma'aikatan jinya, ɗalibai da kuka cika kujerun baya, Hajiya mahaifiyar wadda muka taru dominta, maigidan 'yar tata da yake ta murmushi kamar shi ake karramawa, da sauran jama'a maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya taron nan, ina kuma godiya da suka miƙa mini lasifika alhali sun san ni da dogon zance. Ni ne muke ofis ɗaya da likitar fatar da ake karramawa yau, tare muka rubuta wasu daga cikin maƙalunta, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Maganata uku ce.

Ta farko, yadda take aiki. Littattafan da muka karanta a makaranta sun ce ƙurji ja ne, kumburi ja ne, hotunan da ke ciki kuma kusan duk na farar fata ne. Mu kuwa marasa lafiyarmu baƙaƙe ne, kuma a jikinsu ja ba ya fitowa ja. Yakan yi duhu, yakan yi toka-toka, yakan ɓuya gaba ɗaya, ƙwan lantarki kuma ya ƙara ɓoye shi. Ita ce ta ce ba da ita ba. Duk wanda ya shigo sai ta kai shi bakin tagar ɗakinta, ta yaye labule, ta duba shi da hasken rana, in ya amince ta ɗauki hoton wurin. Har muka laƙaba mata Likitar Taga.

Na tuna wani dattijon tela da ya sha maganin makero har ya gaji, wuyansa bai warke ba. Da ta tsayar da shi a taga sai ya ce, "Likita, ni fa ba kallon titi na zo yi ba." Ta ce, "Baba, kai ka kalli titi, ni in kalli wuyanka." Ashe ba makero ba ne, rinin yadin da yake ratayawa a wuya ne yake cin fatarsa. Ya daina ratayawa, ya warke sumul.

Ta biyu, inda aikin ya kai. Hotunan nan suka zama maƙalu a mujallun likitanci. Likitoci daga ƙasashen da ba ta taɓa takawa ba suka nemi haɗa gwiwa da ita, ta karɓe su da sharaɗi guda: kowane hoto a bakin taga za a ɗauke shi. A sana'armu, ana gane nauyin maƙala ne da yawan masu binciken da suka ambace ta, suka kafa hujja da ita, kuma nata ambaton ya haura dubu. Ranar da muka kai wa Hajiya wannan albishir, sai ta dafe ƙirji ta ce, "Mutum dubu suna ambaton 'yata? Me ta yi musu?" Muka ce, "Alheri, Hajiya." Ta ce, "To shi ke nan, amma ku sa mini ido a kanta."

Ta uku, Yallaɓai shugaban asibiti, kai nake fuskanta. Mun ga zanen sabon gini, kuma wallahi ya yi kyau. Sai dai bangonsa zai toshe tagar nan, an kuma tanadar wa Likita wani ɗaki a tsakiyar gini, mai tayil, mai na'urar sanyi, amma ko kafar da rana za ta leƙo babu. Ita ba za ta roƙe ka ba, kunyarta ta yi yawa. Ni ta gaya wa, murya ƙasa-ƙasa, "In aka raba ni da rana, sai dai in koma canki-canka da jikin mutane." Maganar nan ta dame ni ƙwarai. Yaya za a ce likitocin duniya suna tsayawa a bakin taga saboda ita, ita kuwa ba ta da taga? Ba mota ta nema ba, ba sabuwar na'ura ta nema ba, ba ƙarin girma ta nema ba. A ba wani ɗakin sanyin, ni ma in an ba ni ba zan ƙi ba, amma ita a matsar da bangon nan, a bar mata ranarta.

Jama'a, kun ga abin da na gani? Shugaban asibiti ya gyaɗa kai! Yallaɓai, a taimaka a sake, na baya ba su gani ba. Madalla! Ku zama shaida. Likita, share hawayenki, tagarki tana nan.

Allah ya ƙara mata basira da lafiya, ya saka wa shugabanmu da alheri, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.