Mutumin da Muka Kira Birki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wakilin Mai Martaba Sarki, ranka ya daɗe. Mai unguwar Tudun Ƙofa, Allah ya ja zamaninka. Allah gafarta Malam Liman. Shugaban kwaleji da malamai, maƙwabtanmu Kirista da suka zo taya mu wannan zama, Malama Hauwa'u matar marigayi da 'yarta Huraira, ɗalibai maza da mata, ina gaishe ku, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana a madadin mutanen gari, saboda katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na marigayi. Na so a ba wani, don abin faɗan yana da nauyi, kuma kunyarsa ta shafe mu duka. Kun ji ban ambaci sunansa ba tukuna. Da gangan na yi. Kowa ya laluba a ransa ya gani ko yana da sunan, ban da wanda muka laƙaba masa, wato Birki.

Yaran da ke nan ba su san asalin laƙabin ba, manya kuwa sun sani amma ba sa so a tono. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba aka kawo gasar tseren daji ta kwalejojin ƙasa nan Keffi, ta maza da ta mata. Tsere ne da ba a fili ake yinsa ba. Ta gonaki ake bi, a tsallake rafi, a hau tudu, a dawo. Marigayi yana ɗalibi a lokacin, kuma duk garin nan shi muka zuba wa ido, har an gyara teburin da za a ɗora kofi.

Abu ɗaya aka manta: ba wanda ya gaya wa mutanen ƙauye. Ranar kuwa ta faɗo ranar kasuwa, ga ɓarayin awaki sun addabi jama'a a watan. Mu kuma a nan, babba ba ya gudu sai da dalili. Masu tahowa ta hanyar Garaku suka ga wani baƙo ya fito daga cikin dawa, daga shi sai gajeren wando da shimi, ga taron samari a bayansa. Wata ta ce "Ɓarawo!" Kafin ta rufe baki an kai shi ƙasa.

Baƙon nan Wilson ne, ɗalibi daga Gabas, ba ya jin ko "zo" da Hausa, kuma shi ke kan gaba. Namu ne na biyu. Hanya ta buɗe masa, ba kowa tsakaninsa da kofi. Sai ya tsaya, ya kutsa cikin sanduna, ya kwanta a kan baƙon.

"Baba, ku bari don Allah, ba ɓarawo ba ne," in ji shi. "Tsere muke yi."

Wani dattijo ya ce, "To me ya sa kuke binsa?"

"Mu ma gudun muke yi, Baba."

"Wa ya koro ku?"

Kuna dariya, mu ma mun yi shekaru muna yinta. Amma kafin dattijon ya gamsu, sanda ta sami namu a gwiwa, sauran 'yan tsere sun wuce, kofi ya tafi wani gari. Da shi da Wilson suka iso a ƙarshe, kowa yana riƙe da ɗan'uwansa. Bai ko zauna ba, ya ɗingisa ya koma wurin ya tsaya a bakin hanya, don kada abin ya sami 'yan mata in tserensu ya biyo.

Me muka yi masa? Muka ce ya taka birki. Muka ce kofi na gabansa ya tsaya shiga sharo ba shanu. Gaskiyar ita ce yi masa dariya ya fi mana sauƙi a kan mu yarda cewa mun doki baƙo a ƙofar gidanmu. Gwiwar ba ta sake komawa daidai ba, bai sake shiga gasa ba, sunan kuwa ya zauna daram.

Ya kasance malamin wasanni a nan bayan ya gama karatu, yana koya wa yara gudun da shi ya gagare shi. Ya kasance, duk jajibirin tsere, sai ya hau kekensa ya zaga ƙauyuka har wajen Panda, yana sallama gida gida: "Gobe yaranmu za su wuce da gudu, ba abin da suka ɗauka, a ba su ruwa." Ya kasance yana zama a zaurukan iyaye har ƙafa ta yi tsami, yana roƙon a bar 'ya'ya mata su yi tsere, kuma matarsa ce ke ɗinka musu dogayen wanduna don bakin mutane ya mutu. Da 'yan matan suka ciwo kofin ƙasa bara waccan, mun tare su da kiɗa, mun cika motoci, don yanzu zamanin kuɗin man fetur ne, kowa da abin hawansa. Shi yana can baya yana tura keke, yara suna bi suna cewa, "Birki, a sake taka mana."

Ya kasance yana amsawa da murmushi, shi ya sa muka ɗauka ba ya jin ciwo. Malama Hauwa'u, ke kin san abin da murmushin yake komawa in ya shiga gida. Ta katanga na ji ranar da Huraira ta dawo makaranta tana kuka, an kira ta 'yar Birki. Ya ce mata, "Ki yi haƙuri, uwata, za su gaji." Ba mu gaji ba, ciwo ne ya riga mu, ya ɗauke shi.

Ga Wilson nan zaune a layin gaba. Labarin rasuwar ya same shi, ya kwana a hanya ya iso jiya. Ya sauka a tasha, ya faɗi sunan da mahaifin marigayi ya raɗa masa, ya ce a nuna masa gidan. Direbobi suka dubi juna. Mai shayi ya ce babu mai wannan suna a Keffi. Sai da ya kwatanta ɗingishin da keken wani ya ce, "Au, Birki kake nufi." Mutumin da ya haɗu da shi yini ɗaya ya riƙe sunansa, mu da muka ci tuwon sunan 'yarsa mun yar. Da ya ba ni labarin, ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Malama Hauwa'u, ba mu zo da abin da zai biya ki ba. Mun zo roƙon ki yafe mana, in kin ga za ki iya. Huraira, 'yata, dube ni. In an tambaye ki 'yar wa ce ke, ki faɗi sunan duka, kada ki rage komai. Wanda ya kira ki da wancan, ki zo ki gaya mini, ko da mai rawani ne.

Na gode wa hukumar kwaleji da ta tara mu, na gode wa baƙonmu da ya dawo garin da ya san sandarsa. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya jiƙan marigayi, ya haskaka kabarinsa, ya tsaya masa ranar da kowa ke gudun kansa, kamar yadda shi ma ya tsaya wa wannan bawan Allah. Ya raya abin da ya bari, mu kuma ya yafe mana. Malam Liman, a ja mana Fatiha, kuma a ɗaga murya don na baya su ji: ga ruhin Malam Salihu ɗan Mijinyawa.