Zakaran Ƙofar Kasuwa

Halidu magini na bisa tsani a Madawa, yana zana zakara da laka a sabuwar ƙofar kasuwa, sai wani tsoho baƙo ya tsaya.

"Ɗana, wa ya ce zakara?"

"Kumandan, Nasaran da ka mulkinmu, baba. Tsuntsun ƙasarsu ne."

"Da harajinmu anka yi ƙofar ga! Ni da shekarar fara ba ta kashe ba, gero nika son gani."

"In na goge shi, korata za a yi, ɗiyana su kwana da yunwa."

Tsoho ya sosa gemu.

"To, bar mashi abinai. Sa mashi zangarniya a baki. Kumandan shi ga tsuntsunai, mu mu ga inda geronmu ka zuwa."

Halidu ya ƙyalƙyale da dariya, ya ɗebo laka.