Iskar da Allah Bai Aiko Ba

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Ishaya. Dattawan cikinku sun san ni, sun kuma san yayana Bulus. Ban iya magana a gaban jama'a ba, shi ya sa na rubuta, don kada in ƙara a kan gaskiya ko in rage.

Mu 'yan wani ƙauye ne a ƙasar Kafur. Da damina mu noma dawa da auduga, da rani mu shiga daji saran itace, sana'ar da muka gada wurin babanmu. Lokacin ba a yanke jihar Katsina ba tukuna, daji kuwa yana nan da cikarsa. Maɗaci, ƙirya, giginyar azara, sai wanda ka zaɓa. Mukan yi kwana biyu a kan itace ɗaya, Yaya na ba da waƙa ina amsawa, gatari na bin waƙar. Da rana ta take, matarsa Rifkatu ta kawo mana fura, ta tsaya tana tsokanata.

"Ƙaramin miji, tun safe wannan ɗan bakin ka yi wa itacen? Ai gara ma ta fi ka sauri."

"Furar taki ce duk ruwa," in ce da ita.

Yaya ya yi ta dariya har ya ƙware. Ban sake ganin kwanaki masu daɗin waɗannan ba.

Babanmu ya bar mana ƙa'ida guda. Idan sara ya kusa ƙarewa, a ajiye gatari, a yi shiru, domin itace ba ya faɗuwa sai ya yi kuka. A saurara, a kira sunan duk wanda ke wurin ya amsa, a ga inda yake tsaye, sannan a kai saran ƙarshe.

Ana nan, wani Bayerabe mai sayar da katako a Funtuwa, wanda muke kai wa kaya, ya kawo injin zarto mai shan fetur. Ni ya koya wa. Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce kada in riƙe shi da hannu ɗaya, kada in sa riga mai faɗi, kada in yi yanka da tsinin bakinsa don yakan yi tsalle ya dawo wa mutum. Ya ƙara da cewa, "Ishaya, injin nan ba shi da ido, ba shi da kunne, naka ma toshe su yake yi."

Yaya bai taɓa yarda ya riƙe shi ba. Yakan ce, "Abin da ya fi itacen da yake yanka kuka, ni ban amince da shi ba."

Wata bazara aka kira mu kusa da Ƙarfi mu ka da wani babban maɗaci a bakin gona. Mutanen ƙauyen suka fito kallo, don ba su taɓa ganin injin ba. Da safe ya ƙi tashi. Na ja igiyarsa har hannuna ya gaji, ana ta dariya, wani tsoho yana cewa a kawo mini gatarinsa aro. Da ƙyar ya kama.

Aka ɗaura igiya a saman itacen, mutum biyu suka riƙe daga nesa. Kafin in shiga yankan baya, wanda ke ka da itacen, Yaya ya sa bakinsa a kunnena ya ce, "Idan saura kamar tafin hannu, ka kashe. Mu kira suna yadda Baba yake yi."

Na ce to.

'Yan'uwa, ban kashe ba. Na san idan na kashe shi da zafinsa zai yi wuya ya sake tashi, za a sake yi mini dariya. Dalilina ke nan, babu wani. Igiyar da aka ɗaura ta maƙale a kututture, Yaya ya shiga ya warware ta. Shi a ganinsa, muddin injin na ƙara, da sauran lokaci, don ƙanensa ya ce to. An ce an yi ihu. Ban ji ba. Kaina na sunkuye, garin katako ya cika mini ido.

Itacen ya faɗo a kan Yaya. Bai kai asibitin Malumfashi da rai ba.

Da aka tambaye ni, na ce iska ce ta taso ta juya itacen. Bazara ce, kowa ya yarda. Rifkatu ma ta yarda. Ta naɗe zanen zumuntar matan majami'a ta sa a akwati, ta daina zuwa sujada. Fasto ya je, mata suka je, ba ta yi wa kowa musu ba, ba ta kuma zo ba.

Ni kuwa ina zuwa, ina zama a benci na baya. Ranar kasuwa in zarce gidan burkutu, ni da ban taɓa sa shi a baki ba. Shekara shida ina haka. Ana cewa baƙin cikin rashin ɗan'uwa ne, ana tausaya mini. Tausayin nan ya fi duka ciwo.

Wata Lahadi ana jibin Ubangiji, ana ci da sha don tunawa da Yesu, ƙoƙo ya iso gare ni, hannuna ya ƙi miƙuwa. Na fita bayan majami'a, na durƙusa a gindin katanga cikin rana. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ya Yesu, kai ka san babu iska ran nan. Na kashe ɗan'uwana da girman kai, na kuma ɗora maka. Ka gafarta mini, ka ba ni ƙafar zuwa wurin Rifkatu." Na yi kukan da ban yi ba ranar biso. Da na tashi, tsoron yana nan, amma ƙafata ta ɗauke ni. Yabo ga Ubangiji!

Na same ta a tsakar gida tana sussukar dawa. Na faɗa mata duka, har da maganar dariyar. Ta ajiye taɓarya.

"Babu iska?"

"Babu, Yaya Rifkatu."

"Ishaya, shekara shida ina fushi da Allah a kan iskar da bai aiko ba."

Ta shiga ɗaki. Ba ta sake yi mini magana ba har kaka ta wuce. Ni kuwa tun ranar ban ƙara taka gidan burkutu ba, sha'awarsa ma ta fita daga raina. Wannan ba ƙarfina ba ne!

Wata safiyar Lahadi ina fitowa, na tarar da ita a ƙofar gidana da zanen zumunta a jikinta. Ta ce, "Ban gama yafe maka ba, amma na fara. Wuce mu tafi, kada mu makara."

Ku samari masu riƙe injin yanzu, na fetur ko na lantarki, ina roƙonku: kafin yankan ƙarshe ku kashe, ku ɗaga kai, ku kira suna. A yi muku dariya, ba komai.

Na gode wa Allah da ya ɗauke mini ƙaryar da ta kusa binne mu biyu, ni da Rifkatu. Yaya Bulus bai dawo ba, kuma kewarsa ba ta ragu ba, amma yau ina miƙa hannu in karɓi ƙoƙon. Duk mai wani abu a ɓoye cikin zuciya, ya kai wa Yesu, ya dogara gare shi. Ya karɓe ni, ba zai ƙi ka ba. Amin.