Raunin da Ba Mu Gani Ba a Goshin Sama'ila

Da sunan Allah mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah gafarta malamanmu, shugabannin kasuwar shanu ta Mai'adua, Hajiya Haulatu da 'ya'yanta, jama'ar Daura da baƙinmu, assalamu alaikum.

Dillalai ne suka ce in yi magana a madadinsu yau da ake addu'ar arba'in ta Alhaji Sama'ila, kuma wallahi na so a ce wani suka zaɓa.

Ya kasance in ka zage shi a tsakiyar kasuwa, sai ya bari ka gaji, ya ce, "Ka gama? To zo mu sha fura." Ya kasance shi muke turawa Baure in makiyayi da manomi sun ɗaga wa juna sanda, ya dawo da su a kan babur ɗaya. Ya kasance har tsokanarsa muke yi, wai an manta ba a sa masa zuciya ba.

Sai ranar da bijimi ya make shi da ƙaho a goshi. Ciwon ya warke, tabon ma ɗan kaɗan ne, amma mutumin da ya dawo daga asibiti ba mu gane shi ba. Ya ɗauki tsire a gaban mai shi ba tambaya. Ya daka wa baƙo tsawa ana cikin ciniki. Ya ce wa liman huɗubarsa ta yi tsawo, a gaban kowa. Bayan nan sai ya zauna yana kuka, yana cewa, "Na san bai dace ba. Kafin in hana kaina na riga na yi."

Mu me muka ce? Wasu suka ce shaye-shaye ya fara. Wasu suka ce da ma haƙurin na ganin ido ne. Muka daina kiransa sulhu. In ya nufo majalisa sai mu naɗe tabarma.

Hajiya, har kasuwa kika same mu da bayanin likita. Kika ce a gaban ƙwaƙwalwa akwai hanyoyi da ke haɗe da can cikinta, aikinsu su tare mutum tsakanin abin da ya zo masa a rai da abin da hannu ko harshe zai yi, kamar birkin babur. Kika ce ƙahon nan su ya lalata. Muka ce mace ce ke rufa wa mijinta asiri. Sai da likitan ya zo ta'aziyya ya maimaita maganarki, ba ragi ba ƙari, sannan muka sunkuyar da kai.

Saminu, kai da ƙannenka kun ji ana kiranku 'ya'yan mahaukaci. Ku ji daga bakinmu yau: mahaifinku bai haukace ba, bai lalace ba. Rauni ya ji. Mu kuwa babu ƙahon da ya taɓa mu, goshinmu lafiya lau, amma muka kasa riƙe harsunanmu.

Mun gode wa kowa da ya zo. Allah Ya jiƙan Sama'ila, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, Ya raya abin da ya bari.

Hajiya, ku yafe mana. Shi kam mun makara, ba mu roƙe shi ba yana da rai. Allah Ya sa ya yi mana haƙurin da ya saba. Amin.