Abin da Wally Ya Haɗiye

A kan gadar masu kamun kifi ta Mandurah, Noelene ta durƙusa tana kokawar buɗe bakin karenta, wani dattijo mai ƙugiya yana kallonta.

"Bawan Allah, me ya haɗiye a gefen bokitinka? Talibamban ne? Ku dai kullum sai kun yar da kifin nan mai guba inda karnuka ke bi!"

"Kwantar da hankalinki, baiwar Allah. Abincin ranata ne. Soyayyen kifi da dankali, har takardar bai bar mini ba."

"Ka tabbata?"

"Ni da na saya? Ko loma ban kai ba."

Noelene ta zauna daɓas, ta rungume karen. "Wally, ɓarawon banza! Baba, karen marigayi mijina ne, ka gane. Duk Lahadi su biyu suke zuwa nan tun daga Perth. Yau ne na fara kawo shi ni kaɗai. Da wani abu ya same shi..."

"Ba abin da zai same shi sai ƙishirwa, gishiri ya yi yawa. Kuma ba za ki ga talibamban a gadar nan ba. Kullum da safe nake bi ina tsincewa."

"Aikinka ke nan?"

"A'a." Dattijon ya sunkuya yana sosa kunnen Wally. "Tawa karyar sunanta Peg. Shekara shida ke nan da talibamban ya kashe ta a nan."

Noelene ta miƙa masa igiyar. "Riƙe mini shi, Baba. Bari in sayo mana kifi."